Ciwon Sikila da Gwagwarmayar Baƙaƙen Fatar Amurka

A ƙarshen shekarar 1904 aka kwantar da wani saurayi ɗan shekara 20 a asibitin Presbyterian da ke birnin Shikago. Sunansa Walter Clement Noel, baƙar fata ne daga tsibirin Grenada, ya je Amurka koyon aikin likitan haƙori. Tari da zazzaɓi ne suka kai shi, ga idanu sun yi ɗorawa, ga tabon gyambo a ƙafafu. Ƙaramin likitan da ya ɗebi jininsa, Ernest Irons, da ya duba a madubin likita sai ya ga abin da ba a koya masa a makaranta ba: jajayen ƙwayoyin jinin da aka sani a kewaye sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Maigidansa James Herrick ya buga bayanin a mujallar likitoci a 1910. Shi kuwa Noel ya kammala karatunsa, ya koma gida ya kama aiki, ya rasu a 1916 yana da shekara 32.

Ta wannan ƙofa ce amosanin jini, wato sikila, ya shiga littattafan likitancin Turawa. Mu nan Afirka mun daɗe da shi. Likitan nan ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi sawun ciwon a cikin zuri'a guda har zuwa wajen 1670. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekara sittin ɗin da suka biyo bayan rubutun Herrick. A cikinsu masana sun san sikila ciki da bai, amma masu fama da ita kusan ba su ga komai a ƙasa ba, sai da 'yan'uwansu suka miƙe da kansu. Na tashi a gidan da ake kwana a zaune idan hunturu ya kama, ana ɗumama ruwa ana gasa wa yaro gaɓoɓi yana ihu, don haka ba na karanta wannan tarihi a matsayin labarin wasu mutane can nesa.

Ilmi ya yi nisa, majinyaci yana nan inda yake

A 1949 masanin sinadarai Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. A shekarar ce kuma James Neel ya fayyace yadda ake gadon ciwon: dole yaro ya samo daga uwa da uba duka biyun. Wanda ya gada daga ɓangare guda shi ne mai AS, yawanci lafiyarsa ƙalau. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wanda shi ne ciwon. A 1954 Anthony Allison, da ya yi aikinsa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, abin da ya bayyana dalilin yawansu a ƙasashen da sauro ya yi katutu. A 1956 Vernon Ingram ya gano ainihin gurbi guda tak da ya sauya a jikin himoglobin ɗin. Jiragen cinikin bayi ne suka tsallaka da wannan gado zuwa Amurka, inda a yau kusan ɗaya cikin jarirai baƙar fata 13 ake haifa da AS, ɗaya cikin 365 kuma da ciwon kansa.

Duk ɗalibin likita ya san waɗannan sunaye, don sikila ta zama abin buga misali a aji. Amma uwar da ɗanta ke murƙususu a unguwar baƙaƙe ta Memphis ko Detroit ba ta ƙaru da komai ba. Dalilin yana cikin yadda aka gina harkar lafiya a ƙasar. A shekarar da Herrick ya yi rubutunsa, 1910, aka fitar da rahoton Abraham Flexner kan makarantun likitanci. A lokacin baƙar fata suna da makarantu bakwai, rahoton ya ce biyu kaɗai suka cancanci a bari, Howard a Washinton da Meharry a Nashville, sauran biyar kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Rassan babbar ƙungiyar likitocin ƙasar a jihohin kudu ba sa karɓar baƙar fata, wanda ba ya cikin ƙungiya kuwa da wuya asibiti ya ba shi izinin kwantar da majinyaci. Sai a 2008 ƙungiyar ta nemi gafara a kan haka. Asibitoci da yawa a kudu ko dai su ƙi karɓar baƙi ɗungurungum, ko su ware musu ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Wannan wariya ba ta karye ba sai a 1966, lokacin da gwamnatin tarayya ta ce duk asibitin da ke ware majinyata ba zai ga kuɗin sabon shirin inshorar tsofaffi ba.

Baƙar fata ba zama suka yi suna kallo ba. Tun a 1891 likita Daniel Hale Williams ya buɗe asibitin Provident a Shikago, a 1895 likitoci baƙar fata suka kafa tasu ƙungiyar, a 1915 kuma Booker T. Washington ya soma makon lafiya na baƙar fata, inda ake share unguwanni, a gyara rijiyoyi da masai, a yi wa'azin tsafta a coci da makaranta. An shafe sama da shekara 30 ana yin wannan mako. Sai dai tarin fuka da mutuwar jarirai sun cinye duk ƙarfinsu, sikila ta zauna a gefe, ana ɗaukarta sanyin ƙashi ko shawara.

Wanda ya fito da girman sakacin a lissafe shi ne Robert Scott, likitan jini a birnin Richmond. A 1969 shi da abokin aikinsa suka tambayi manyan mutane baƙar fata na garin, suka tarar uku cikin goma kaɗai suka taɓa jin sunan ciwon. A 1970 ya buga ƙididdigarsa. A 1967 an samu sababbin masu sikila kimanin 1,155 a Amurka. Masu sistik faibrosis, wata cutar gado mai toshe huhun yara da majina wadda ta fi kama farar fata, 1,206 ne, masu cutar gado mai cinye tsokar jiki kuma 813. Yawan ya yi kusa da juna. Amma a 1968 ƙungiyoyin sa-kai sun tara dala miliyan 1.9 don ta huhun, dala miliyan 7.9 don ta tsokar, sikila kuwa ba ta samu ko dala dubu 100 ba.

Asibitin talakawa

Waɗanda suka ɗauki wannan lissafi suka kai shi titi su ne 'yan ƙungiyar Black Panther. Huey Newton da Bobby Seale ne suka kafa ta a Oakland ta jihar Kalifoniya a watan Oktoba na 1966, don sa ido kan 'yan sandan da ke cin zarafin baƙar fata. Duniya ta fi saninsu da baƙar hula da rigar fata da bindiga, kuma gaskiya ne sun yi artabu da hukuma, an zubar da jini ta kowane ɓangare. Shugaban hukumar FBI, J. Edgar Hoover, ya ɗauke su babbar barazana ga tsaron cikin gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikinsu na yau da kullum. A farkon 1969 suka soma ba yara 'yan makaranta karin kumallo kyauta a wani coci a Oakland. A 1970 Seale ya umarci kowane reshe ya buɗe ɗakin shan magani kyauta, har suka kai birane 13.

Ba manyan gine-gine ba ne. Na Boston a cikin tirela yake. Na Shikago, wanda jagoran reshen, Fred Hampton, ya yi ta fafutukar kafawa, an buɗe shi a watan Janairu na 1970, wata guda bayan 'yan sanda sun harbe Hampton a gadonsa yana ɗan shekara 21. Likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai, baƙi da farare, sukan zo da yamma bayan sun tashi daga aikinsu su duba marasa lafiya ba ko sisi. Suna auna hawan jini da ciwon suga, su yi wa yara rigakafi, su duba masu ciki, su gwada jinin yara ko akwai gubar dalma daga tsohon fenti. Sun koya wa 'yan ƙungiya, yawancinsu mata, ɗaukar jini da auna numfashi da rubuta tarihin ciwo. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne ɗan rakiya: idan ciwo ya fi ƙarfinsu, sai su haɗa majinyaci da wani ya bi shi babban asibiti, ya tsaya masa, ya tambayi likita abin da shi majinyacin ke jin nauyin tambaya. Duk wanda ya taɓa kai tsohuwa asibitin birni daga ƙauye ya san darajar wannan aiki.

Ranar 10 ga Afrilu, 1971, jaridar ƙungiyar ta fito da sikila a shafin farko, ta kira sakacin gwamnati kisan ƙare dangi. Kalmar ta yi zafi, kuma da gangan suka zaɓe ta. Daga nan suka shiga gwaji. An samu wani gwaji mai arha a lokacin, Sickledex: a huda yatsa, a ɗiga jini cikin kwalba mai ruwan magani, idan ruwan ya yi gurɓi to akwai himoglobin na sikila. Ba ya buƙatar likita. Suka ɗauki kwalabensu zuwa coci-coci, filayen wasa, makarantu, bakin kantuna da ƙofar gidaje. A wani babban taro a Oakland a watan Maris na 1972 sun raba buhunan kayan abinci dubu 10, kowanne da kaza a ciki, mutane na karɓa ana yi musu gwaji. Wata guda kafin nan Seale ya bayyana a wani shahararren shirin talbijin da mawaƙi John Lennon ke jagoranta a makon, ya yi maganar ayyukan ƙungiyar a gaban miliyoyin masu kallo. A shekarar ce suka ƙara neman kiwon lafiya kyauta cikin jerin buƙatunsu goma.

Ba su kaɗai ba ne a fagen, kuma rashin adalci ne a ba su yabon duka. Roland Scott, likitan yara a jami'ar Howard, ya shafe shekaru yana rubutu kan sikila yana bin 'yan majalisa. Charles Whitten na Detroit yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar sikila ta ƙasa a 1971, kuma ya ƙera wasu 'yan ƙwayoyin wasa masu launi da ma'aurata ke jefawa su ga da idonsu ma'anar ɗaya cikin huɗu, su gane cewa kowane ciki lissafinsa daban ne. Ƙungiyoyin mata da na coci sun tara kuɗi, ɗan wasa Sidney Poitier ya yi fim a 1973 wanda jarumarsa ke da ciwon. Likitocin sun san hanyar ofis, 'yan Panther kuma sun sa gwamnati jin kunya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan karo masu ɗakin sun ɗaga murya tare.

Doka, da abin da ya biyo bayanta

A watan Fabrairu na 1971 shugaba Richard Nixon ya amsa a gaban majalisa cewa an yi watsi da ciwon, ya ninka kuɗin bincikensa sau biyar zuwa dala miliyan 6. Ranar 16 ga Mayu, 1972, ya sa hannu a dokar yaƙi da sikila ta ƙasa, wadda ta amince da dala miliyan 115 cikin shekara uku, aka buɗe manyan cibiyoyi goma na bincike da jinya. Cikin shekara biyu ciwon da yawancin masu shi ba su san sunansa ba ya samu dokarsa.

A nan ne tarihin ya ɗauki wani salo da ya kamata mu tsaya a kansa. Gwajin kwalba ba ya bambanta AS da SS, sai an bi shi da gwaji na biyu wanda ake raba nau'o'in himoglobin da wutar lantarki. Wurare da yawa ba a yi na biyun ba, ba a kuma zaunar da mutum an yi masa bayani ba. Iyaye suka koma gida da tunanin lafiyayyen ɗansu ba zai yi tsawon rai ba. Jihohi sama da goma suka yi dokokin tilasta gwaji, wasu ga yara masu shiga makaranta, wasu ga masu neman takardar aure, kuma wasu dokokin sun rikita mai AS da mai ciwo. Kamfanonin inshora suka ƙara wa masu AS kuɗi, wasu kamfanonin jiragen sama suka hana su aiki a sama, makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta rufe musu ƙofa har zuwa 1981. Shi kansa Pauling, a 1968, ya ba da shawarar a yi wa matasa masu AS tambari a goshi don kada su so juna. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Sai kuma ga abin Tuskegee. A watan Yuli na 1972, wata biyu bayan dokar, jaridu suka tona cewa tun 1932 hukumar lafiya ta gwamnati ke bin wasu maza baƙar fata 600 a yankin Tuskegee na jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu tunjere, tana kallon yadda ciwon ke cin su ba tare da ba su magani ba, ko bayan da penisilin ya wadata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane da yawa suka fara zargin cewa gwajin sikila dabara ce ta hana baƙar fata haihuwa. Likitoci irin su Whitten ne suka yi aikin gyara: gwaji ya zama da yardar mutum, sakamako ya zama sirri, kuma kada a huda yatsan kowa sai akwai wanda zai zauna ya fahimtar da shi. Dokar 1972 ma ta gindaya cewa shirin da ke cin kuɗinta ba zai tilasta wa kowa ba, sannu a hankali jihohi suka soke ko suka gyara nasu dokokin.

Abin da ya ceci yara

Amfanin kuɗin da aka ƙwato ya bayyana ne bayan shekaru. Babban makashin ƙananan yara masu sikila shi ne ƙwayoyin cuta da ke shiga jini, saboda saifarsu kan lalace tun suna jarirai. Wata likitar yara baƙar fata, Marilyn Hughes Gaston, ta jagoranci binciken da aka buga a 1986 a kan yara 215 'yan ƙasa da shekara uku. An ba wasu penisilin sau biyu a rana, wasu ba a ba su ba. Kamuwa da mugun ciwon ta ragu da kashi 84 cikin ɗari, kuma babu yaro ko ɗaya da ya mutu cikin masu shan maganin, yayin da uku suka mutu a ɗaya ɓangaren. Dole aka tsayar da binciken kafin wa'adinsa. Daga nan gwajin ya samu ma'ana sabuwa, domin sanin yaro tun ranar haihuwa na nufin a soma ba shi kariya kafin zazzaɓin farko. Jihar Niyok ta soma gwada jarirai a 1975, a 1987 masana suka ba da shawarar a gwada kowane jariri ko wane irin launi ne, zuwa 2006 kuma duk jihohin ƙasar suna yi. A 1998 aka amince da haidroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon. Yau fiye da tara cikin goma na yaran da aka haifa da sikila a Amurka suna kaiwa girma.

Giɓin bai rufe ba. Wani nazari da aka buga a 2020 ya nuna cewa daga 2008 zuwa 2018 kuɗin binciken da gwamnatin tarayya ta kashe a kan kowane mai sistik faibrosis ya ninka na mai sikila fiye da sau uku. Masu ciwon suna kokawa har gobe cewa idan suka je ɗakin gaggawa cikin azaba, ana kallonsu kamar masu neman ƙwaya. A watan Disamba na 2023 aka amince da magunguna biyu masu gyara ƙwayar halitta, amma a lokacin kuɗin ɗaya dala miliyan 2.2 ne, ɗayan miliyan 3.1. Daga cikin ɗakunan shan maganin Panther, na Seattle yana nan yana aiki da sunan Carolyn Downs, ɗaya daga cikin matan da suka yi masa hidima.

Mu fa?

Masu sikila a Amurka kimanin dubu 100 ne gaba ɗaya. Nijeriya kaɗai tana haifar jarirai kimanin dubu 150 da ciwon a kowace shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma mai AS ne. A wurinmu ba ciwon 'yan tsiraru ba ne, amma masu shi suna rayuwar 'yan tsiraru: a ce iska ce, a ce mayu ne, a kira uwar da ta binne yara a jere mai wabi, a fasa auren budurwa saboda an ji ƙanenta na da shi. Akwai abin alfahari, domin likitocin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano tare da jami'ar Vanderbilt sun yi bincike a kan amfani da haidroksiyuriya wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, duniya kuma ta karɓi sakamakon. A 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila.

Roƙona ga masu zartar da irin wannan doka shi ne su karanta abin da ya faru a Amurka a shekarun 1970. Takardar sakamako ba tare da mai bayani ba tana haifar da tsoro da ɓoye-ɓoye da takardun bogi, kuma 'ya mace ce za ta fi ɗaukar tabon. A horar da masu ba da shawara, a fahimtar da limamai da masu unguwanni da waliyyai cewa AS ba ciwo ba ne, a yi gwajin tun kafin zance ya yi nisa. Sannan kada a tsaya a ƙofar ɗaurin aure. Yaran da aka riga aka haifa suna buƙatar gwaji tun suna cikin zanen goyo, da penisilin, da rigakafi, da gidan sauro, da ma'aikacin asibitin da zai yarda da su idan suka ce suna jin zafi. Baƙaƙen Amurka ba su jira an tuna da su ba, sun tara likitocinsu da matansu da matasansu sun soma da abin da ke hannunsu. Kai mai karatu, idan ba ka san naka jinin ba je ka gwada, ka kai 'ya'yanka, kuma idan akwai ƙungiyar masu sikila a garinku, neme ta ka tambayi abin da za ka iya yi.